Tsohon Guga da Masu Jingine da Bango

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa daga ni da yara. Ina fata ƙafar nan ta yi sauƙi, kuma kana shan maganin yadda likita ya ce, ba yadda ka ga dama ba. Mu nan lafiya lau. Ƙaramar ta yi mura ta warke, babban ya shiga aji na gaba, ni kuma ina nan ni da keken ɗinkina. Mama ta zo mana kwanan baya. Ta ce in tuna maka zumunta a ƙafa take, amma tunda taka ƙafar ta ƙi, ta yafe maka.

Za ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Waya mai shiga intanet ɗaya ce a gidan nan, kuma ta Baban yara ce. Abin da zan faɗa maka ba na so ya gani. Direban da yake ɗauko bututu daga layin shagunanku ya yarda zai riƙa kai mini yana kawo mini.

Ka san sana'arsa ita ce taka ta dā, haƙar rijiya. Bara ya sayi injin jan ruwa mai shan fetur, don in sun kai ga ruwa su riƙa kwashewa suna ƙara zurfi. Da farko a bakin rijiya yake ajiye shi ya zura tiyo. Sai ya ce in rami ya yi nisa injin ba ya iya zuƙowa daga sama. To yanzu ɗaure shi suke yi da igiya su sauke shi cikin ramin, yana rataye a saman kansa yana aiki, shi kuma yana ƙasa yana haƙa. Tun da ya fara haka yake dawowa da ciwon kai. Yakan zauna a bakin ƙofa ya daɗe bai shigo ba, ya ce ƙafafunsa sun yi nauyi. Har amai ya taɓa yi. Ya ce rana ce. Kawu, wace rana ce a ƙasan rijiya?

Na yi magana sau ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Ni na taɓa koya miki yadda ake sa hannun riga?" Daga nan na ja bakina.

Na san inda ya ɗauko abin. Akwai wani zaure a waya na masu haƙar rijiya, mutum ɗaruruwa a ciki. Wani mai kiran kansa Sarkin Zurfi shi ne mai bakin zauren. Kullum yana ɗora bidiyo, ga inji a cikin rami, ga ruwa yana feshi a sama, ga yaransa suna ɗaga masa hannu daga ƙasa. Baban yara bai taɓa rubuta ko harafi ɗaya a wurin ba. Ko addu'a aka yi, a bakinsa yake cewa amin. Amma babu abin da yake wuce shi, yana cin abinci yana karantawa.

Roƙona shi ne ka shiga zauren nan da wani suna, ka yi musu da mutumin. Kada ka ambaci kowa. Sau ɗaya ya taɓa ganinka, ranar aurenmu, kuma ba shi da lambarka. Maganar da ba zai karɓa daga bakin matarsa ba, wataƙila ya ɗauke ta in ya tsince ta da kansa a hanya. Lambar mai kula da zauren tana bayan takardar nan.

Ina jin tsoro, Kawu. Gara in faɗa maka kai tsaye.

'Yarka,
Mai sunan Inna

*

Uwata,

Takardarki ta iso da ɗigon baƙin mai a gefe, amma ta karantu. Na gode da gaisuwa. Ƙafa tana nan tana mulkinta, in ta so in taka, in ba ta so in zauna. Ki gaya wa uwarki ni da ita 'ya'yan wa da ƙane ne, kuma ni ne ɗan wan, saboda haka ita ke da zuwa. Ki shafa mini kan yara.

Sunan tsohuwata gare ki, ba na iya ce miki a'a. Na shiga zauren. Sunana a can Tsohon Guga.

Na yi kwanaki ina kallo kafin in buɗe baki. Masu magana ba su cika yatsun hannu biyu ba. Sauran duk suna jingine da bango, irin masu kallon faɗan kasuwa, ba sa rabawa kuma ba sa tafiya. Shi Sarkin Zurfin yaro ne, daga muryarsa na gane, kuma Allah ya ba shi baki. Na kuma lura duk wanda ya tambayi inda ake samun injin, sai ya ce a same shi ta gefe. Ruwa ba ya tsami banza.

Ga abin da na fara rubutawa. Na ce mu a zamaninmu ba a sauka rami sai an zura fitila da igiya. In ta kai ƙasa tana ci, a sauka. In ta mutu, kowa ya koma gida, ko a yi ta jan reshe mai ganye sama da ƙasa har iska ta shiga. Na ce duk mai rataya inji a kansa ya zura fitila ya ga abin da yake shaƙa.

Ya amsa mini da murya, yana dariya. Ya ce, "Baba, Allah ya ja kwana. A zamaninku rijiya ɗaya wata uku, mai gida ya mutu da ƙishirwa magada su sha ruwan." Aka yi ta turo fuskokin dariya.

Ban ji haushi ba. Na shekara talatin a cikin rami kafin in koma sayar da bututu, na san irinsu. Ba zai taɓa cewa na yi gaskiya ba, ko da gawa aka ajiye masa a gaba, domin abincinsa ne. Ni ba da shi nake ba. Shi allo ne kawai, a jikinsa nake rubuta wa masu jingine da bango. Ke dai ki zama idona. Ki gaya mini yadda fuskar surukina take in yana karantawa.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa a tsaye, direba yana ƙofar gida yana ta danna hon. Kowa lafiya, sai ɗinkin kayan makaranta da ya taru mini har ba na ganin teburin yanka. Allah ya ƙara wa ƙafa sauƙi.

Ya gani. Jiya yana cin abinci ya iso kan cacar bakinku, ya yi dariya har ya ajiye cokali, ya ce, "Kai, mutumin nan ya iya magana." Na manta rabon da in ji ya tanka a kan wani abu na zauren. Injin dai ana nan ana sauke shi. Sauran bayani sai wani zuwan.

'Yarka

*

Uwata,

Ina amsa gaisuwarki a zaune, tunda ni tsayuwa ta ƙi ni. Lafiyata ƙalau, har na fi da, domin labarinki ya fi mini maganin likita. Allah ya sa albarka a ɗinki.

"Mutumin nan ya iya magana." Na karanta layin nan na sake karantawa, har na leƙa na karanta wa mai shagon fenti da ke kusa da ni. Ashe surukina ya san magana in ya ji ta. To tunda barkwanci ne yake shigarsa, na ƙara wa miyar gishiri.

Na rubuta cewa jaki ma in ya ji hayaƙi yana kawar da kai. Na ce mai sauke inji cikin rami ɗan kirki ne, ya rage wa danginsa wahala, ya haƙa wa kansa kabari har da zoben siminti. Da wani ya ce ai kowa haka yake yi yanzu, na ce haka tumaki suke, in ta gaba ta faɗa rami sai na baya sun bi ta su ga abin da ta samu. Uwata, da kin ga yadda zauren ya kacame. Sarkin Zurfi ya yi ta turo murya a kan murya, har numfashinsa ake ji. Wannan karon ni aka turo wa fuskokin dariya.

Wani ya zo sayen kan famfo ya gaji da jira ya tafi, ban ma ga fitarsa ba. Ba komai. In na ja wuyan yaron nan zuwa ƙarshen wata, za ki ga injin ya koma bakin rijiya. Ki fara shirya mini tukuici, riga nake so mai aljihu biyu.

Kawunki, Tsohon Guga

*

Kawu,

Takardarka ta daɗe a hanya. An tura direba wani gari, ya yi makonni bai biyo ta nan ba. Da yana nan da na tare ka tun kafin abin ya yi nisa, domin duk abin da kake rubutawa ina jin amonsa a gidan nan. Muna lafiya. Babban ya faɗi a wurin ƙwallo ya kuje gwiwa, ya warke. Ina fata kai ma kana lafiya.

Na rubuta maka a gurguje, ban fayyace ba. Mutumin da ya ce ya iya magana ba kai ba ne. Sarkin Zurfi ne, amsar nan ta wata uku ita ta ba shi dariya. Kai sunanka a gidan nan "tsohon nan".

Ranar da ka rubuta maganar jaki da tumaki bai yi dariya ba. Ya karanta, ya kife wayar a kan tabarma, ya ce, "Yana zaune a inuwa yana kiran mutane jakuna. Ya zo ya ciyar mini da yara mana." Ni ina gefe ina kwance ɗinkin wani siket, ana zagin kawuna, ban da ikon ɗaga kai.

Kai da bakinka ka ce ba da Sarkin Zurfi kake ba, da masu jingine da bango kake. To su ka zaga. Shi ko a jikinsa, kasuwa ma ka buɗe masa. Waɗanda suke sauke injin ba su ne masu maganar ba, su ne masu shirun, kuma kowannensu ya karanta ya ga an kira shi dabba a gaban abokan sana'arsa. Mutum ba ya bin shawarar wanda ya kira shi jaki, don in ya bi ya amsa sunan ke nan. Ka jefa dutse, ya wuce kan wanda ka nufa, ya sauka a tsakar gidana.

Sai kuma maganar fitila. Na san ka gani, amma bari in gaya maka yadda ta zo mana nan. Sarkin Zurfi ya sauke inji cikin rami yana aiki, ya zura fitila har ƙasa, ya ɗauka a bidiyo. Fitilar tana ci, ko rawa ba ta yi. Baban yara bai taɓa nuna mini komai na zauren nan ba, amma ranar ya kira ni daga kicin. Ya ce, "Zo ki ga fitilar tsohon nan." Na gani da idona. Ya ce, "To ina gubar?" Na koma kicin da tambayar a raina. Kai ka san amsar?

Ga abin da ya sa na matsu. Ya samu aiki a wata gonar kaji a bayan gari. Ya ce ruwan wurin yana da nisa, ramin zai fi duk wanda ya taɓa haƙawa zurfi, kuma mai gonar ƙarami yake so, ba mai faɗi ba. Sun fara. Yanzu busasshiyar ƙasa suke fitarwa, babu ruwan inji a ciki. Ranar da suka kai ga ruwa za a sauke shi. Ya sayi sabuwar igiya saboda haka, tana rataye a bayan ƙofa.

Ba na neman ka ci nasara a kan kowa. Mutum ɗaya na aike ka wurinsa.

'Yarka

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Direba ya zo ya koma, ya ce ya ba ka takardata hannu da hannu, ka karɓa ka sa a aljihu, amma bai kawo mini amsa ba. A zauren ma an daina jin ka tun ranar fitila. Sarkin Zurfi yana ta cigiya, wai guga ya tsinke ya faɗa rijiya, wanda ya gan shi ya taimaka da ƙugiya. Baban yara ya ce, "Dama na san ƙarshenta ke nan."

In maganata ce ta yi zafi, ka yi haƙuri, ɗa ba ya fin ƙarfin a yafe masa. In kuma ƙafar ce, ka sa a gaya mini. Ƙasar da suke fitarwa ta fara danshi, na gani a wandonsa.

'Yarka

*

Uwata,

Lafiyata ƙalau, ƙafa ma ba ta ƙara komai ba. Ki gaishe da yara. Fushi kuwa na yi, ba zan ɓoye miki ba. Na yi kwana biyu ina cewa yarinyar da aka haifa a gabana ita ce za ta koya mini magana. Daga baya na ga fushin ba shi da wurin zama, ya tafi.

Ba takardarki ce ta rufe mini baki ba, fitilar ce. Na kalli bidiyon nan ina neman inda aka yi ha'inci, ban samu ba. Sai na ɗauki injin da wani ya kawo gyara, na kai shi ɗakin ajiyar da ke bayan shago, na tayar, na kunna fitila na ajiye a ƙasa, na ja ƙofa. Da na koma na buɗe, fitila tana ci abinta. Ni kuwa da na tsaya a bakin ƙofar ina kallonta, kafin in kai hannu in kashe injin kaina ya fara sarawa. Mai fenti ne ya ja ni waje yana yi mini faɗa, kuma ya yi daidai. Kada ki gaya wa uwarki.

Akwai wata ma'aikaciyar asibiti da take sayen kaya a wurina, na tambaye ta. Ta ce fitila tana gane ramin da iska ta ƙare a cikinsa, amma ba ta gane ramin da iska take nan an zuba mata guba. Ta ce wannan gubar ba ta da wari, jini take shiga, kuma abin da zai kwantar da ƙato bai isa ya kashe fitila ba. Mu a zamaninmu ba mu da inji, shi ya sa fitila ta ishe mu. Na ɗauko ma'aunin wata cuta na auna wata, kuma da hannuna na miƙa wa yaron nan sandar da ya doke ni da ita.

Jiya na koma zauren. Ga abin da na rubuta, na kwafo miki shi yadda yake:

"Sarkin Zurfi ya yi gaskiya a kan fitila, ni na yi kuskure. Na gwada da kaina, tana ci. Waɗanda na kira da sunan dabbobi su yafe mini, neman abinci kuke yi, kuma na san nauyin guga. Ba na neman kowa ya amsa wannan. Abu ɗaya zan tambaya, kowa ya ba kansa amsa. In ka fito daga ramin da inji yake ciki, goshinka yana sarawa? Ƙafafunka suna nauyi kamar ka taka laka? Zuciyarka tana tashi? Kana ƙasa ka taɓa jin kana so ka ɗan zauna, minti ɗaya kawai? In ba ka taɓa ji ba, ka wuce, ba da kai nake ba. In ka taɓa ji, ba rana ba ce kuma ba yunwa ba ce. Hayaƙin ne, kuma fitila ba ta ganinsa. Ranar da ka zauna ɗin nan, na sama zai ɗauka hutawa kake yi. Iyakar rami ya ƙara zurfi da matsi, iyakar ranar nan ta fi saurin zuwa. Ka bar injin a sama. In bai ja ba, guga yana ja."

Sarkin Zurfi ya yanko layin farko kaɗai, ya yi ta yaɗawa, wai tsoho ya tuba. Ya ce ciwon kai kuwa ko tela yana yi. Aka yi dariya. Na ɗaga yatsa zan rama, na tuna tsakar gidanki, na ajiye wayar. Cikin mutum ɗaruruwan nan babu ko ɗaya da ya ce tsoho ya yi gaskiya. Wani ma cewa ya yi a cire ni, ina hana mutane neman halak.

Na yi abin da kika aike ni, gwargwadon iyawata, kuma an kayar da ni a gaban jama'a. Da zarar na ji daga gare ki zan fita daga zauren. Rigar ma na yafe.

Kawunki

*

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗin ganin rubutunka, ban ji daɗin labarin ɗakin ajiya ba. Ban gaya wa Mama ba, amma na ajiye shi, ranar da ka ɓata mini rai zan fito da shi. Mu duka lafiya. Ƙaramar ta fara haɗa kalmomi, yawancinsu umarni ne.

Ranar da ka yi rubutun nan Baban yara yana zaune yana shan shayi. Na ga ya daɗe a wuri ɗaya, yatsansa bai motsa ba. Ya ja sama ya sake karantawa. Bai yi dariya ba, bai yi tsaki ba, bai kira ni ba. Ya sa wayar a aljihu ya fita, shayin ya huce a kofi. Iyakar abin da na gani ke nan, kuma ba zan ƙara masa gishiri ba, ka ga inda gishiri ya kai mu.

Sun kai ga ruwa bayan kwana kaɗan. Sauran labarin a bakin matar abokin aikinsa na ji, ta kawo mini ɗinki. Ta ce an ɗauko inji za a ɗaure, sai Baban yara ya ce a bar shi a sama. Suka koma guga, ɗaya yana cikawa ɗaya yana ja. Ruwan wurin mai ƙarfi ne, kafin su kwashe ya dawo. Aiki ya ƙi gaba. Mai gonar ya zo ya tsaya a kansu, ya ce kajinsa ba za su jira guga ba. Ya sallame su, ya kawo wasu.

Waɗancan sun sauke injinsu cikin ramin, sun gama aikin, sun fito da ƙafafunsu. Babu abin da ya same su. Har bidiyo suka ɗora, na san ka gani, Sarkin Zurfi ya sa musu alamar babban yatsa. Ramin da Baban yara ya haƙa da hannunsa ne a bidiyon, ya kalla har ƙarshe. Saboda haka a lissafin zaure an kayar da kai sau biyu, mu kuma mun rasa aikin da muka sa rai da shi. Watan nan keken ɗinki ne yake riƙe da gidan.

Na tambaye shi, a hankali, me ya hana a sauke injin. Ya ce igiyar ce bai yarda da ƙarfinta ba. Sabuwar igiyar nan, Kawu. Na ce Allah ya kyauta, igiyoyin yanzu sai a hankali. Ya ce wallahi kuwa.

Yanzu wata ƙaramar rijiya suke yi a wani gida. Injin yana bakin rami, ya ma ja shi gefe ya ƙara tsawon tiyo. Na ji yana tambayar wani a waya ko ana ba da hayar famfon lantarki mai nutsewa a ruwa. Yana dawowa ya shigo kai tsaye ya nemi abinci. Kai kuwa har yanzu "tsohon nan" ne. Shekaranjiya ya ce tsohon nan surutu ya yi masa yawa. Amma da aka kwana biyu ba ka ce komai ba, na ji ya ce, shi kaɗai, "Ko sun cire shi ne?"

Ba zan iya rantse maka cewa da ya sauka da injin da wani abu ya same shi ba. Wataƙila da ya fito lafiya kamar waɗancan. Ba wanda ya mutu, don haka ba wanda zai zo ya ce ka yi gaskiya, shi ma ba zai taɓa faɗa ba. Abin da na sani shi ne yanzu haka yana tsakar gida yana wanke ƙafa, yana yi mini faɗa wai an ɗauke masa sabulu. Ina jin faɗan, kuma daɗinsa nake ji.

Kada ka fita daga zauren. Na san aiken da na yi maka ya ƙare, kuma na san ba daɗi a yi ta yi wa dattijo dariya. Amma matar abokin aikin nasa, da tana ba ni labari, ta tsaya a tsakiya ta ce ita ma nata yakan dawo da ciwon kai, ta ɗauka rana ce. Ita ba ta san akwai wanda za a rubuta wa takarda ba. Mutanen nan da ba sa cewa uffan, kusan kowannensu akwai mai jiran dawowarsa. Ni na yi sa'a ina da kawu mai bakin tsiya. Su ba su da wani kawun sai nawa.

Gobe ka rubuta musu wani abu. Ban da jaki.

'Yarka,
Mai sunan Inna